Waɗanda Na Bari a Bayan Katanga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Ni ne Mijinyawa ɗan Bakari, magini, mazaunin Ƙofar Wambai a cikin garin Bauchi. Ina rubuta wannan da hannuna, yau Litinin da hantsi, cikin hankalina, ba zazzaɓi a jikina, ba kuma wanda ya tilasta ni. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, na kuma ji abin da likita ya faɗa wa Bilkisu a bakin ƙofa yana zaton barci nake. Amma kaina garau yake. Na fara da wannan ne domin na san in aka ji abin da ke tafe, wani zai so ya ce ciwo ne ya juya wa tsoho tunani. Malam Ɗanlarai, limamin unguwarmu, ya zauna da ni ya tambaye ni rana da wata da sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, na ba shi amsa, zai kuma sa hannu a ƙasan takardar nan.

Zuwa ga 'ya'yana uku, Ja'afaru da Bilkisu da Mansir, da mahaifiyarku Yelwa.

Na ɗaya. Wasiyya bayan rai ake buɗe ta, amma wannan ba za ta jira raina ba. A karanta ta ranar Alhamis bayan la'asar a zauren gidan nan, gaban Liman da dattawan kwamitin maƙabarta. In Allah Ya karɓi abinSa kafin nan, ku karanta da zarar kun dawo daga kai ni, kafin ku zauna karɓar gaisuwa. In kuwa da sauran numfashi, a fito da ni a jingina ni da bango, a karanta ina ji. Dalilin gaggawar kun san shi. Ranar Asabar katafila za ta shiga filin da ke bayan katangar gabas ta Maƙabartar Kanya, domin Ja'afaru ya fara haƙa harsashin shagunansa. Mansir kuma ya tara samarin unguwa sun yi rantsuwa ba za a haƙa ba, saboda tsofaffin mata na cewa akwai mutane a kwance a wurin. Wata takwas ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ku gaisa ba. Ko a asibiti, sai ɗayanku ya leƙa ya ga babu takalmin ɗan'uwansa a bakin ɗaki sannan ya shigo. Gari na cewa rigimarku ce. Ba taku ba ce. Tawa ce, gadonta kuka yi tun ina raye.

Na biyu. Kafin in faɗi abin da na yi, ina so ku tuna wurin da na yi wa shi. Maƙabartar nan ta girmi duk wanda ke numfashi a unguwarmu. Mahaifina yana cikin masu haƙan kabari don Allah, kuma ya ce tun ganuwa na tsaye da ƙofofinta ake binnewa a can. Shi ya zagaya da ni ya nuna mini: arewa ƙarƙashin tsamiyoyi malamai ne, yamma marina ne da masaƙa, can wajen da ƙasa ta yi ja maƙera ne, gida gida, zuri'a zuri'a. Garin da ke ciki ya fi garin da ke waje tsari. Babu rubutu a kan kowa, sai fasassun tukwane da duwatsu, amma wanda ya sani yana karanta su kamar allo.

Ban taɓa jin tsoron wurin ba. A duk Bauchi babu inuwar da ta kai ta babbar kanyar bakin ƙofa sanyi. Ƙarar keke da babur na ƙarewa a nan, sai kukan kurciya. Da damina, in aka yi gayyar sharar ciyawa, mutum kan tsaya a tsakiya ya hango duwatsun gari sun yi kore shar, ƙamshin ƙasa ya cika masa ƙirji. Shekara da shekaru, kowace Juma'a da safe nakan shiga in yi musu sallama, in bi layi layi, in gyara dutsen da ya goce, in cike inda ruwa ya ci. Mutane suka ɗauke ni mai kula da matattu, har suka ba ni mabuɗin ƙofar. Abin da ba wanda ya lura da shi, ban taɓa zagayawa ta bayan katangar gabas ba. Ko hanya ta kama ta nan, sai in sake wata.

Na uku. Ga maganar, kuma kada mai karatu ya sassauta murya.

Shekara talatin da tara da suka wuce, da bazara, sanƙarau ya shigo unguwannin nan. Lokacin gari cike yake da baƙi, leburori da 'yan ci-rani da suka zo aikin gine-ginen gwamnati, suna kwana a zaurukan mutane. Su ciwon ya fi ɗiba. Ba dangi, wasu ko cikakken suna ba mu sani ba. Muka buɗe sabon layi a gefen gabas saboda ƙasar can ta fi saurin haƙuwa. Ina cikin masu haƙa, na kuma ƙirga: mutum talatin da bakwai. A cikin makon ƙarshe ciwon ya shigo gidana ya ɗauki yayarku Fati, tana da shekara huɗu. Ja'afaru kana goye a lokacin. Da safe ta ce wuyanta, washegari da azahar na ɗauke ta a hannuna, ko makara ba a ɗauko ba. Layin gidanmu ya cika, sai na sa ta a bakin sabon layin, kusa da baƙin.

Bayan damina biyar tudun kaburburan nan ya baje, ciyawa ta rufe. Unguwa ta yanke shawarar kewaye maƙabarta saboda dabbobi da masu zubar da shara, aka ba ni aikin. Wani attajiri mai manyan motoci, Alhaji Jalo, Allah Ya jiƙansa, ya ɗauki nauyin bulo da siminti. Garejinsa na jingine da gefen gabas. Aka turo mana safiyo mai awon ƙasa, Andrawus Toma, mutumin wajen Bogoro, Kirista. Mako guda muna yawo ni da shi. Ba wanda ya ce masa ya cire takalmi, shi ya cire da kansa a bakin kanya. Duk inda na ce akwai mutum, sai ya tsaya ya sa alama a takardarsa. Na nuna masa talatin da bakwai ɗin nan ɗaya ɗaya, ya kafa turakunsa ta bayansu, kowa ya shiga ciki.

Sai Alhaji Jalo ya aika a kira ni. Bai umarce ni da komai ba, kada ku ɗora masa abin da bai yi ba. Cewa ya yi: "Magini, bana ina da kujerar Makka ɗaya da ba mai ita. Ga motocina kuma ba wurin juyawa. Waɗannan baƙin naka, wa ke zuwa musu ziyara?" Na ce ba kowa. Ya ce to. Iyakar maganar ke nan.

Ranar Juma'a, da jama'a suka tafi masallaci, ni ban tafi ba. Na tumɓuke turakun Andrawus na gabas, na dawo da su ciki taku ashirin da biyu. Da na ja igiya don in daidaita layi, sai na ga Fati ta faɗa waje. Na tsaya da igiya a hannu, ina jin huɗuba daga nesa. Nan ne Allah Ya ba ni ƙofar komawa, ban bi ta ba. Sai na ƙara turke biyu, na lanƙwasa igiyar ta zagaye 'yata, na bar 'ya'yan mutane a waje.

Wannan ita ce lanƙwasar da ke jikin katangar gabas, wadda kuka sha tambayata dalilinta ina ce muku dutse ne a ƙasa. Babu dutse. Duk mai shakkar maganata ya je ya duba, ya tambayi kansa me zai sa magini irina, da ake kawo wa aiki daga nesa saboda miƙewar layinsa, ya karkata katanga a fili fetal.

Na tafi Makka a shekarar. Da na dawo na faɗa wa mahaifiyarku. Tsarabar da na kawo mata ta rabar duka, ko kallabi ba ta riƙe ba, kuma daga ranar har yau bakinta bai taɓa kirana Alhaji ba. Kun sha yi mata dariya kan haka. Yanzu kun san dalili. Yelwa, shekara talatin da huɗu na ɗora miki kayan da ba naki ba, kina kallon 'ya'yanki suna neman halaka juna, amanar miji ta ɗaure miki baki. Na kwance miki. Ki yafe mini.

Na huɗu, haƙƙin Andrawus. Katanga ta kai ƙirji ya dawo duba aiki. Ya auna, ya sake aunawa, ya zo ya same ni ni kaɗai ya ce in gyara tun ba a ji ba. Na ƙi. Sai ya kai magana gaban kwamiti, a zauren nan da za ku zauna. Na miƙe na ce awonsa ne ya karkace tun farko. Da ya buɗe takardarsa zai nuna, sai na ce: "Yaushe wanda ba ya sallah ya fi mu sanin inda matattunmu suke?" Zaure ya ɗauka. Akwai dattawa biyu da muka yi haƙan tare, suka sunkuyar da kai, domin simintin na Alhaji Jalo ne. Aka rubuta ƙara zuwa wurin aikinsa cewa ya raina maƙabartar Musulmi. Aka ɗauke shi daga aikin awo, bai kuma sake komawa ba har ya bar aiki. Mutumin da ya cire wa matattunmu takalmi, ni na jefe shi da addini don in rufe cin amanata.

Larabar da ta wuce na sa Bilkisu ta ɗauko keke napep ta kai ni gidan 'yarsa Cecilia, tela, a bayan barikin Shadawanka. Idonsa ya tafi. Sallama kawai na yi, ya ɗaga kai ya ce: "Magini ne? Ka daɗe a hanya." Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya sa 'yarsa ta ɗauko wani tsohon akwatin ƙarfe, takardar awon na ciki a naɗe cikin leda, alama talatin da takwas, har da ta Fati. Na miƙa hannu, ya ɗora nasa a kan akwatin. Ya ce nasa haƙƙin ya bar wa Allah tun tuni, amma takardar ba za ta bar ɗakin ba sai na faɗa da bakina a inda na ƙaryata shi. Gaskiyarsa ne. Saboda haka ranar Alhamis, Mansir, kai za ka je ka ɗauko shi da mutunci, ka zaunar da shi kan kujera kusa da Liman. In bakina ya rufe kafin nan, rubutun nan shi ne bakina: Andrawus Toma ya yi awonsa daidai, ni Mijinyawa na yi ƙarya. Bayan raina kada ku yanke da gidansa. In sun yi rashi ku je, in sun yi biki ku je. Zumunta a ƙafa take.

Na biyar, zuwa gare ka Ja'afaru. Kai ba ka ci amanar kowa ba, ina so zaure ya ji wannan. Magadan Alhaji Jalo sun sayar maka da fili da takardu cikakku, su ma ba su san komai ba. Kafin ka sa hannu ka zo ka durƙusa a ɗakin nan ka ce: "Baba, ana ta surutu. Akwai mutane a wurin nan?" Na ce maka: "Ni na gina katangar. Ka ga na bar wani a waje?" Ka tashi da ƙarfin gwiwarka, domin uban da ka sani ba ya ƙarya. Duk tsayuwar da ka yi wata takwas, a kan maganata ka tsaya. Na ga yadda ka rame. Na san abin da ka tara a shekara ashirin na zama a rumfa a kasuwar Wunti, shi ka zuba a filin nan, kuma na san girman kai irin namu, domin a wurina ka ɗauko shi. Janyewa a gaban ƙaninka zai fi maka asarar ciwo.

Duk da haka ka janye. Motoci sun yi shekara talatin suna juyawa a kansu, wannan zunubina ne. Amma haƙa wani abu ne daban. Ba mu zurfafa kaburburan sosai ba a shekarar sanƙarau ɗin saboda gaggawa. Bakin katafila ba zai shiga sau uku ba zai fito da abin da idonka ba zai manta ba har ka mutu, kuma a gaban jama'a. Ka kira mai katafila tun daren Alhamis bai yi ba ka ce ya dakata. Batun magadan Alhaji Jalo kuma, ka bar wa Liman da mai unguwa su zauna da su cikin sirri. Kada ka kai su kotu da zafin rai, kada kuma a ci mutuncin mahaifinsu a kasuwa. Shi ya yi tambaya ne, ni na ɗauki guduma.

Na shida, zuwa gare ka Mansir. Ka yi gaskiya, amma kada ta bugar da kai. Ba sani ka yi ba, ji ka yi, sai Allah Ya sa jin ya dace. Ina samun labarin abin da kuke shiryawa. An ce mini samarin da za su fito ranar Asabar ba na unguwarmu kaɗai ba ne, kuma akwai masu cewa a zo da abin hannu. Ɗana, kai ka kira taron, amma da zarar an taru ba kai ke da shi ba. Wa zai fara shiga hannu? Ba yayanka ba, yana cikin mota. Direban katafila ne da leburori, bayin Allah da suka fito neman abincin yini, waɗanda yawancinsu ba 'yan cikin gari ba ne, wasu ba Musulmi ba. Kafin azahar labari zai kai Wunti da wata kama, a ce wasu sun zo tone kaburburan Musulmi. Na zauna a garin nan na ga abin da irin wannan magana ke jawowa, na kuma san sauƙin faɗinta, domin na taɓa faɗin irinta. Za ka tashi kare baƙi talatin da bakwai da suka mutu, ka jawo a kashe wasu baƙin da ke raye.

Saboda haka ka sallami taron nan da bakinka ranar Juma'a bayan an sauko. Ko da yayanka ya taurare, ban yarda ka ɗaga ko tsakuwa ba. Ga takardar Andrawus, ga Liman, ga mai unguwa, ga hukuma, ka bi ta nan. Sannan akwai maganar da ka yaɓa wa Ja'afaru a bakin rumfarsa, gaban maƙwabtansa, cewa zai sayar da ƙasusuwan kakanninsa ya ci. A inda ka faɗa, nan za ka koma ka janye, da rana, kasuwa na ci. Shi ya goya ka zuwa makarantar allo. Yayanka ne ko ya yi kuskure, balle kuskuren ba nasa ba.

Na bakwai, zuwa gare ki Bilkisu. Ke kika riƙe gidan nan a watannin nan, kina kai tuwo nan kina kai can, kowa na zarginki da goyon bayan ɗaya. Allah Ya saka miki. Littattafai uku da muka cika ni da ke, ina faɗa kina rubutawa, wane gida ke kwance ina, wace tsamiya ce iyakar malamai, ina marina suka tsaya, suna hannunki, naki ne. Ki sa a kwafe su, a ba kwamiti ɗaya, a ajiye ɗaya a masallaci. Shafin gabas da na ce ki bari fari, yanzu ki cike shi daga takardar Andrawus. Sunaye shida kawai nake tunawa cikin baƙin, na rubuta miki su a bayan takardar nan tare da garuruwan da suka ce sun fito. In da hali a aika wa masu unguwannin can, wataƙila akwai wata tsohuwa da har yau ba ta san inda ɗan'uwanta ya ƙare ba. Ɗalibanki maza na makarantar da kike koyarwa kuma, ki roƙi hedimasta a riƙa kai su ziyara da wani malami, a karanta musu daga littafin. Wurin da yara ba su san sunan kowa a ciki ba, da sun girma fili za su gani.

Mabuɗin ƙofa a mayar wa kwamiti, su ba wanda suka ga dama, ban cancanci in zaɓa ba. Abin da zan ce musu kawai: a yi sharar ciyawa kafin ta bushe, kada a sa mata wuta, wuta ce ta kashe tsamiya biyu na arewa. Kada a sare reshen kanya don itacen rufe kabari, a sayo daga waje. Magudanar kudu na toshewa duk farkon damina, in ba a buɗe ba ruwa layin maƙera yake bi.

Na takwas, abin da na bari. Gidan nan da gonar hanyar Ningi da kayan aikina, rabon da Allah Ya yi shi ne rabo, ba ni da ta cewa. Sulusin da shari'a ta ba ni iko a kansa, a yi katanga da shi: a rushe ta gabas, a mayar da ita kan turakun Andrawus. Bulon tsohuwar da yawa zai moru in aka bi shi a hankali, da kyau na buga shi. Mahaifiyarku ta zauna a ɗakinta har ƙarshen ranta, kada maganar sayar da gida ta taso tana raye.

Akwai kuma roƙo. Liman ya fahimtar da ni cewa ba a yi wa magaji wasiyya, kuma kyautar mai ciwon ajali ba ta wucewa sai sauran magada sun yarda. To ina roƙon yardarku a bar wa Ja'afaru bakin gonar hanyar Ningi, ɓangaren da ke kallon titi, ya yi shagunansa a can, madadin abin da ƙaryata ta jawo masa. Yelwa ta yarda, Bilkisu ta yarda. Saura kai Mansir. Ka ce a shirye kake ka kwanta gaban katafila saboda matattun nan. Ba ranka nake nema ba, rabonka na bakin gona nake nema. A nan za a gane ko don su kake yi, ko don ka kayar da yayanka.

A nan na ajiye alƙalami jiya. Yau Talata. Da hantsi Ja'afaru ya shigo duba ni, ya tarar da takardun a kan tabarma, ya tambaya. Na ga bai kamata ya fara ji a tsakiyar zaure ba, sai na faɗa masa duka. Bai katse ni ba. Da na kai kan lanƙwasa sai ya ce: "Inda kake tsayar da mu mu yi wa Yaya Fati addu'a?" Na ce nan. Sai ya tashi ya sa takalminsa ya fita, ko sai an jima bai ce ba. Bilkisu ta ce an ga motarsa a bakin kanya har bayan azahar. Bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Ban san abin da ya yanke ba, wataƙila ba zan sani ba. Ban canza komai cikin abin da na rubuta ba, sai wannan na ƙarshe da na ƙara.

Na tara, jana'izata. In za a yi sanarwa, a ce Mijinyawa magini ya rasu. Kada a sa Alhaji. Karɓar aikin da rashin karɓarsa na wurin Allah, amma sunan kam na san da me na saye shi.

A cikin lanƙwasar nan, kusa da Fati, akwai wurin mutum ɗaya. Da gangan na bar shi, shekara talatin da huɗu ina kallonsa ina cewa nan ne nawa. Na fasa. A bar shi ga mahaifiyarta bayan tsawon rai, ita ta cancanta. Ni a kai ni bayan katanga. Takardar Andrawus ta nuna inda layin baƙin ya ƙare, a auna taku uku daga na ƙarshe don kada a taɓa kowa, a sa ni nan. A tara ƙasa sosai, a kafa dutse babba, yadda duk mai wucewa zai san maƙabarta ce. In an mayar da katanga, mu shiga tare da su. In ba a mayar ba, mu zauna a waje tare.

Amma filin nan a takarda naka ne, Ja'afaru. Ba a binne mutum a ƙasar wani sai da izininsa, ko ubansa ne. Ba umarni nake ba ka ba, na zubar da wannan ikon ranar da ka durƙusa ka tambaye ni. Roƙo nake. Ni da na ɗauke wa mutane taku ashirin da biyu, ina neman kamu huɗu a wurinka. In ka hana, ba ka yi laifi ba, kuma kada wani ya ce maka ka yi.

'Ya'yana, ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi ni sai ranar na ɗauko wuƙa. Kada ku yi koyi da ni a wannan. Abin da kuka ɓata ku gyara tun siminti na ɗanye. Duk wanda na ɓata wa cikinku ya yafe mini, ni kam ba na riƙe da kowa. Ja'afaru, Allah Ya mayar maka da abin da ya fi, Ya sanyaya maka zuciya. Bilkisu, Allah Ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini. Mansir, Allah Ya sa zafin nan naka ya zama na gyara, Ya haɗa maka shi da haƙuri. Ku riƙe sallah, ku riƙe mahaifiyarku, ku ci tuwon Juma'a a kwano ɗaya a gidan nan ko da ba ku da abin ce wa juna, har maganar ta dawo da kanta. Kada jikokina su tashi su tarar da gida biyu. Ranar da za ku sauke ni, ku biyun nan ku shiga ramin tare, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, ku karɓe ni da hannu huɗu.

Allah Ya yi muku albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na ciki da na waje, Ya sa mu cika da imani.

Mahaifinku,
Mijinyawa ɗan Bakari, magini.